Karan gero da injin da ke jin raɗa

Jiya da daddare muna zaune ƙofar gida a Runjin Sambo, zafi ya hana kowa shiga ɗaki, sai Kawu ya ce min, "Ɗana, wanga karan gero da ka shanya bisa rufi, mi za ka yi da shi?" Na ce Kawu so nake in gano yadda bangon ƙwayoyinsa yake a ginuwa, me ya sa wani karan ke tsayawa wa iska wani kuma ya kwanta, kuma injin da zai nuna min haka sai na fita waje, kwanaki kaɗan kawai za a ba ni a kansa.

Injin NMR ake ce masa. Ana sa samfur cikin maganaɗisu mai ƙarfin gaske, a buga masa igiyar rediyo, zarrar da ke ciki su amsa, to amsar nan raɗa ce wallahi, da ƙyar ake jinta. Abu mai tauri irin kara ko ƙashi ko furotin da ya dunƙule sai an juya shi sau dubbai a daƙiƙa a karkace digiri 54.7 daga fuskar maganaɗisun kafin layukan sakamakon da injin ke zanawa su fito sarai, sannan kabon-13, wato nau'in kabon da injin ke iya ji, kashi 1.1 ne kacal cikin ɗari na kabon ɗin. Dole a yi ta maimaita awo ana tarawa, kuma abin da ke cin rai shi ne in kana son sigina ya ninka 2 sai ka ninka lokaci 4.

Nan ne DNP ya shigo, wato dabarar ƙara wa raɗar nan ƙarfi, kuma ni dai ban taɓa karanta dabara da ta burge ni kamarta ba. Ilektiron ya fi zarrar haidurojin jin maganaɗisu kusan sau 660, to me zai hana a aro ƙarfinsa? Albert Overhauser ne ya kawo tunanin a Amurka a 1953, manyan masana suka yi shakka, wasu masana biyu, Carver da Slichter, suka gwada a ƙarfen litiyam a shekarar nan suka ga gaskiya ne. Sai wajen 1990 da wani abu Robert Griffin da mutanensa a jami'ar MIT ta Amurka suka sa abin ya yi aiki a manyan injuna. Ana jiƙa samfur da ruwa da giliserol da wani sinadari mai sakakkun ilektiron irin AMUPol, a sanyaya shi zuwa wajen digiri 173 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, a haska masa maikirowef, ƙarfin ya tsallaka zuwa haidurojin daga nan zuwa kabon.

Ku yi lissafin da kanku, in sigina ya ninka 20 lokaci ya ragu sau 400, aikin sama da kwana 16 ya dawo awa 1. Ga wanda injin ke ƙofar ofis ɗinsa wannan sauƙi ne, ga irina shi ne bambancin in dawo da sakamako ko in dawo hannu rabbana, kuma ba sai na shuka geron da kabon-13 mai ɗan karen tsada ba. Yana da nasa aibi, sanyin kan sa layuka su yi faɗi su haɗe, musamman a furotin.

Kawu ya yi shiru can ya ce to kar in tafi da karan gona ɗaya, gobe bayan asuba za mu je Kware ya nuna min wanda iskar bara ba ta kayar ba.