Kalmar da na ƙi maimaitawa

Kwafi ɗari biyu na buga da kuɗin aljihuna kafin in gane ɓarnar da na yi, kuma har yau kwalaye biyu daga cikinsu suna ƙarƙashin teburina, ban raba su ba, ban kuma iya zubar da su ba. Ɗan littafi ne na waƙoƙin Ingilishi da na fassara domin ɗaliban da nake koya wa adabi, waɗanda da yawansu kan karanta baitin Turanci da baki amma ba ya ratsa su sai an mayar musu da shi harshen da suka tashi da shi. Zaɓen waƙoƙi da daidaita kari duk sun tafi lami lafiya. Kalma guda mai harafi uku, wato “gay”, ita ta kayar da ni, kuma a daidai wurin da nake ganin na fi shiri.

Tun farko na san akwai tarko a cikinta. Na sha ganin ɗalibai suna sunkuyar da kai suna murmushi idan muka iso ɗangon nan na William Wordsworth, a waƙarsa ta furannin da ya gani a bakin tafkin Ullswater, wadda aka buga a 1807, inda yake cewa mawaƙi ba shi da zaɓi sai ya zama “gay” a cikin irin wannan taro mai raha. Farin ciki kawai yake nufi, domin ma'anar da kalmar ta shigo da ita Ingilishi ke nan daga tsohon Faransanci. Don in kauce wa ruɗani sai na kafa wa kaina ƙa'ida da shekarar 1969. A ranar 28 ga Yunin wannan shekara ne 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall a birnin New York, mutanen ciki suka yi turjiya, aka kwashe kwanaki ana tarzoma, daga nan kuma ƙungiyoyin masu son jinsinsu suka rungumi kalmar a bainar jama'a. Sun fifita ta a kan “homosexual”, wadda aka ƙirƙira a ƙarni na 19 kuma likitoci suka mayar da ita sunan cuta, har sai da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire ta daga jerin cututtuka a 1973. Sai na ce duk abin da aka rubuta kafin 1969 zan fassara kalmar da farin ciki, abin da ya biyo baya kuma in ba ta sabuwar ma'anarta. Ƙa'idar ta hutar da ni tunani, kuma ta nan ne ta cuce ni.

A cikin littafin na saka wani gajeren rubutu na Gertrude Stein, Ba'amurkiyar da ta yi zamanta a Paris, mai suna “Miss Furr and Miss Skeene”, wanda ya fito a 1922. Zube ne, amma na haɗa shi da waƙoƙin saboda kunne yana jin sa kamar waƙa. Labarin mata biyu ne da suke zaune tare, suna koyon sarrafa murya, suna tafiye-tafiye, kuma kusan kowace jimla tana cewa suna “gay” a can, suna “gay” kullum, suna “gay” a kai a kai. Da na duba shekarar sai na ce ai wannan tsohuwar ma'ana ce. Sannan na ƙara kuskure na biyu a kan na farko, wanda ya fi shi muni. Tun muna firamare aka koya mana cewa maimaita kalma a insha'i alamar ƙarancin harshe ce, saboda haka na zauna mako uku ina rarraba kalmar: nan farin ciki, can annashuwa, gaba walwala, sai fara'a, sai raha, sai murna, sai nishaɗi. Na yi alfahari da wannan shafi fiye da kowanne, ina ganin na nuna wa duniya yalwar Hausa.

Bayan littafin ya fito daga maɗaba'a, har na raba wa ajin farko kwafi talatin, sai na kai wa wata abokiyar aikina guda ɗaya, dattijuwa wadda ta girme ni a shekaru da kuma a koyarwa. Kwana biyu bayan haka ta aiko a kira ni. Na tarar ta shimfiɗa rubutun Turancin kusa da fassarata, ta zagaye kowace “gay” da jan biro, har takardar ta yi kamar mai ƙyanda.

“Malam, sau nawa matar nan ta faɗi kalmar?” in ji ta.

Na ce, “Ranki ya daɗe, ban ƙirga ba, amma da yawa.”

Ta ce, “Fiye da sau ɗari. Kai kuma ka raba ta gida bakwai. Kana ganin sauran kalmomin ne ba ta sani ba? Ka taɓa jin makaɗi yana sauya amshi a kowane baiti don kada a ce ya maimaita?”

Ban sami amsa ba. Ta ƙara tambayata ko na san da wa Stein ta zauna, sannan ta tuna mini da Alice B. Toklas, wadda suka haɗu a 1907 suka rayu tare har rasuwar Stein a 1946. Na san wannan tarihi sarai, amma ban bar shi ya shigo ɗakin fassara ba, domin ƙa'idata ta riga ta yanke hukunci.

Da na koma na bi sawun kalmar da kyau, sai na ga ta daɗe tana tafiya da fuska biyu. Tun ƙarni na 17 ta fara ɗaukar ƙamshin shagala da holewa, a Landan ta ƙarni na 19 kuma ana kiran mata masu zaman kansu da ita, har mujallar Punch ta buga zanen barkwanci a kan wannan ma'ana a 1857. Zuwa shekarun 1920 da 1930 maza masu son maza a manyan biranen Amurka suna amfani da ita a tsakaninsu, ta yadda na waje zai ji fara'a, na ciki kuma ya ji abin da ake nufi. Dalilin wannan ɓoyo ba mai wuyar ganewa ba ne. A 1895 an yanke wa marubuci Oscar Wilde ɗaurin shekara biyu da aikin wahala saboda hulɗarsa da maza, kuma a kotu an titsiye shi da tambaya a kan waƙar Lord Alfred Douglas mai maganar soyayyar da ba ta iya faɗin sunanta. Dokar da ta hukunta wannan hali a Ingila ba ta sassauta ba sai 1967. Masana sun saɓa a kan ko Stein ta nufi sabuwar ma'anar kai tsaye, amma da yawansu suna lissafa rubutun nan cikin na farko-farko da aka buga da ita. Ko ma wanne ne, maimaicin shi ne ke sa mai karatu ya fara zargin cewa kalmar tana ɗauke da wani kaya, kuma maimaicin ne na goge da hannuna. Ni na ɗauki ranar suna a matsayin ranar haihuwa, alhali jaririn ya daɗe da girma kafin 1969.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ni Bahaushe ne, na tashi cikin habaici da zaurance da maganar da ake yi wa mutum biyu a lokaci guda kowa ya ji tasa. Na san yadda kalmar “harka”, wadda ɗan kasuwa ke faɗa sau goma a rana, take da wata ma'ana dabam a bakin wasu idan suka ce “masu harka”. Kunnen da ya san wannan bai kamata a yaudare shi da lambar shekara ba.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne da ke tafe da hukuncinsu, kuma in na sa su a bakin marubuciyar na sa ta faɗi abin da ta yi shekaru tana kewayawa. Ɗan daudu kuwa magana ce ta ɗabi'a da sana'a da salon magana a cikin al'ummarmu, ba ta yi daidai da abin da Baturen yake nufi ba. Na gwada “harka” na dare ɗaya, na ga ta kawo ɓoyon amma ta kashe fara'ar. A ƙarshe na tsaya a kan “nishaɗi” kaɗai, na mayar da ita duk inda Stein ta sa tata kalmar, ban rage ko ɗaya ba, sannan na rubuta gabatarwa ta rabin shafi a kan tarihin kalmar. Mai karatu yana da addininsa da hankalinsa da zai yi hukunci da su, amma haƙƙinsa ne a kaina in kawo masa abin da aka rubuta yadda aka rubuta shi.

Wannan binciken ya kuma tona mini wani rami a waƙar W. B. Yeats mai suna “Lapis Lazuli”, ta 1936, inda ya ce Hamlet da Lear, jaruman wasannin kwaikwayon Shakespeare masu ƙarewa da bala'i, “gay” ne. Na sa “masu farin ciki”, abin da ya mayar da mutanen da masifa ta cinye kamar 'yan biki, alhali yana maganar sakin fuskar wanda ya dubi halaka ido da ido bai karaya ba. Yanzu ba na taɓa kalmar da ta maimaitu sai na ƙirga ta, na tambayi wa ya rubuta kuma wa yake so ya ji, kuma ba na kai komai maɗaba'a sai dattijuwar nan ta bi shi da jan bironta.

Sake bugawa ya ci kuɗin da na ware don wani littafin, ya kuma ci zangon karatu guda. Amma asarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ɗalibai talatin ɗin farko. A jarrabawa kusan dukansu sun rubuta cewa labarin Stein na ƙawaye biyu ne masu son annashuwa da yawon buɗe ido, wasu har suna yaba yalwar kalmomin marubuciyar, suna kawo misali da walwala da raha da murna. Na ba su makinsu cikakke, domin abin da na ba su ke nan suka karanta, sannan a zango na gaba na tara su na karanta musu sabuwar fassarar da babbar murya tun daga farko har ƙarshe.