Kwali uku na ɓata kafin na zana salsalar gidan Magneto

Ɗan yayata ne ya ja min wannan aiki. Yana aji biyu a sakandare, ya zo mana hutu, kullum dare yana manne da wayata yana kallon finafinan jaruman Marvel. Ran nan muna cin tuwo ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wai yaron nan mai gudu kamar walƙiya, ɗan Magneto ne ko ba ɗansa ba ne? A wani fim an ce ɗansa ne, a wani kuma ko sunan Magneton ba a kama ba." Na ce ɗansa ne mana, shi da Wanda tagwaye ne. Ban ko tsaya tunani ba, don tun ina ɗalibi nake karanta littattafan nan masu zane. Har na cika baki cewa kafin hutu ya ƙare zan zana masa salsalar gidan kakaf a kwali, irin yadda ake zana ta sarakuna a littafin tarihi.

Ga wanda bai san shi ba, Magneto shi ne babban bos a labaran X-Men. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi, ya bayyana a fitowa ta farko ta X-Men a 1963. Yana cikin mutanen da aka haifa da sauyin halitta, baiwarsa kuma ita ce sarrafa ƙarfe, kamar dai mayen ƙarfe ne ya zama mutum. A shekarun farko mugu ne kawai mai hular ƙarfe da mayafi, ba uwa ba uba, ba garin haihuwa, ko sunan yanka ba shi da shi.

Washegari na sayo farin kwali da maka baƙa. Na rubuta sunansa a sama, na ja layi zuwa Pietro, wato Quicksilver mai gudun, da Wanda da ake wa laƙabi da Scarlet Witch. Aikin bai ci minti goma ba. Abin da ya ɓata shi shi ne kwaɗayin burgewa: na ce bari in sa shekarar da kowa ya fara bayyana a gefen sunansa. Da na koma tsofaffin fitowar don in tabbatar, sai na tarar tagwayen sun bayyana a X-Men ta 4 a 1964, kuma babu inda aka ce 'ya'yansa ne. Yaransa ne na aiki, suna bin sa saboda ya taɓa ceton Wanda daga hannun mutanen wani ƙauye da suka so hallaka ta. A 1965 ma suka bar shi suka shiga ƙungiyar jarumai ta Avengers.

Na ci gaba da bin shekaru, sai na ci karo da wani uban. A 1974 an shaida wa masu karatu cewa iyayensu wasu jarumai ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, Whizzer da Miss America. Hujjar ma da ɗan kama hankali, tunda Whizzer shi ma gudu ne sana'arsa, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara biyar ana kan haka.

A 1979 aka sake lale a mujallar Avengers, kuma wannan ne ɓangaren da na fi jin daɗin bayarwa. Wata mace mai juna biyu, Magda, ta gudo daga mijinta ta fake a tsaunin Wundagore. A can akwai wani masanin kimiyya, High Evolutionary, mai mayar da dabbobi su zama kamar mutane. Ungozomar da ta karɓi haihuwar sunanta Bova, saniya ce da aka mayar mace. Magda ta haifi tagwaye, ta bar su, ta shige cikin ƙanƙara ba a ƙara ganinta ba. A daidai lokacin Miss America ita ma ta zo haihuwa a wurin, ta rasu, abin da ta haifa bai zo da rai ba. Bova ta miƙa wa Whizzer tagwayen Magda a matsayin nasa, shi kuwa baƙin cikin mutuwar matarsa ya sa ya ranta a na kare. Daga ƙarshe aka ba wasu ma'aurata 'yan ƙabilar Roma, Django da Marya Maximoff, suka rene su. Ka ga dabara: ba a ce labarin 1974 ƙarya ne ba, an nuna yadda Whizzer ya yi kuskure ne da zuciya ɗaya. Sai a 1983 aka fito fili aka ce mijin da Magda ta gudu daga wurinsa Magneto ne.

Ina cikin yi wa yaron wannan bayani a tsakar gida, Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, sai ta dakata. Ta ce, "Tsaya, wa ka ce ta karɓi haihuwar?" Na ce saniya ce, Hajiya, amma mai magana. Ta dube ni ta dubi kwalin ta ce, "Kai da girmanka. To Allah Ya shirya." Ta ci gaba da tsintarta, amma na lura kunnenta na wurinmu.

Har nan kwalina na nan daram, tunda 1983 ta goyi bayana. Abin da ya kashe shi yana a ƙarshen 2014. A wani jerin labari mai suna AXIS, Wanda ta yi tsafin da zai faɗa wa duk wanda suka haɗa jini da ita. Pietro ya zube, Magneto kuwa bai ji komai na kirki ba. A 2015 aka ƙara da cewa tagwayen ba ma masu sauyin halitta ba ne, High Evolutionary ne ya yi gwaji a kansu suna jarirai. Ba a jima ba aka ce mahaifiyarsu wata ce Natalya Maximoff, 'yar'uwar Django. Wato shekara talatin da ɗaya Magneto yana ubansu, rana ɗaya aka kwace. Ni kuwa da maka na ja layin, ba ta gogewa.

Masu karatu da yawa suna zargin kasuwanci ne ya jawo wannan. A lokacin kamfanin Fox ne ke da haƙƙin yin finafinan X-Men, har da Magneto, Marvel kuma na da na Avengers, tagwayen suka faɗa tsakiya. Shi ya sa Quicksilver ya fito a fim ɗin Fox a 2014, ya sake fitowa a na Marvel a 2015, 'yan wasa daban, asali daban. Abin da ya rikita ɗan yayata ke nan tun farko. Ni dai zargin ya kwanta min, lokacin ya yi daidai da yawa.

A kwali na biyu na yi wayo, na ce duk layin da zan ja sai na rubuta shekara a kansa da mujallar da ta faɗa. Wannan shi ne abu mafi amfani da na koya a duk aikin. Tambayar "ɗan waye?" ba ta da amsa a irin wannan labari sai an haɗa da "a wace shekara, kuma a alƙalamin wa?" Mutum ɗaya ne a takarda, amma marubuta masu yawa sun riƙe shi cikin sama da shekara sittin, kowa da abin da yake so ya yi da shi.

Sai dai na sake yin gaggawa. Na rangaɗa ERIK LEHNSHERR da manyan baƙaƙe a tsakiya, don shi ne sunan da finafinai suka saba mana da shi tun 2000. Ashe sunan ma aro ne. A 1982 Magnus ake kiransa, a labarin haɗuwarsa da Charles Xavier, wanda ya kafa ƙungiyar X-Men, a wani asibitin masu taɓin hankali a Isra'ila. A 1993 aka ba shi Erik Lehnsherr, har aka ce ɗan ƙabilar Sinti ne, wani reshe na Roma. A 1998 aka ce takardun jabu ne ya sa aka buga masa don ya ɓad da sawu yayin da yake neman Magda. Sunansa na yanka, Max Eisenhardt, bai fito ba sai 2008.

A nan ne wasan ya daina ba ni dariya. Marubuci Chris Claremont ne ya fara ɗaure Magneto da tarihin gaske, a Uncanny X-Men ta 150 a 1981, inda ya ambaci ƙuruciyarsa a Auschwitz, sansanin kisan gilla na 'yan Nazi. Daga nan mugun da ba shi da dalili ya zama mutumin da ya ga an hallaka danginsa saboda asalinsu, ya rantse ba za a maimaita a kan masu sauyin halitta ba, ko da shi ne zai zama azzalumin. A 1987 aka ƙara labarin 'yarsa ta fari, Anya, wadda gobara ta cinye a garin Vinnytsia na Yukiren, jama'a suka hana shi shiga ya ceto ta. Ya karkashe su a gaban Magda, abin da ya sa ta gudu ke nan. Sannan a 2008 Greg Pak ya rubuta Magneto Testament, fitowa biyar, ya gina masa gida sukutum: uba Jakob, Bayahuden Jamus da ya yi wa ƙasar yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, uwa Edie, 'yar'uwa Ruth, da baffa Erich. Labarin ya faro daga Nuremberg a 1935, ya bi su zuwa unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawa a Warsaw, har inda aka harbe iyalin a bakin rami, yaron kaɗai ya fito da rai. Babu mayafi, babu tashi sama. Na karanta shi a zama ɗaya, na kuma yanke cewa ɗan yayata sai ya ƙara shekaru kafin in ba shi.

Wani abu ya tsaya min a rai a wurin nan. A gidanmu Hajiya na iya jero kakanni tun daga sama ta gangaro, ba ta duba takarda. Wannan salsala kuwa daga ƙasa take tsirowa ta yi sama. Ɗa ya zo a 1963, ba a raɗa wa ubansa suna ba sai bayan shekara arba'in da biyar. Kuma na lura reshen iyaye, wanda ya zo a makare, shi ne ba a sake taɓawa ba tun da aka kafa shi, reshen 'ya'ya ne ake ta yi wa sassaka.

Ɗaure shi da zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da matsalar lissafi. Wanda yake ɗan makaranta a 1935 yau yana dab da ɗari, ga shi kuma ana zana shi da ƙirji kamar ɗan dambe. An yi sa'a akwai wata tsohuwar mafita: a 1974 wani halitta mai suna Alpha ya mayar da shi jariri, a 1977 aka dawo da shi babba a ganiyar ƙarfinsa. Sai na ware gefen kwalin na yi layi biyu, ɗaya na shekarun bugu, ɗaya na shekarun cikin labari. Da na fara da wannan tun farko da na huta.

Kwali na uku da fensir na yi shi, kilina ce ta huda shi, kuma Polaris ce sanadi. Polaris, wato Lorna Dane, mai koren gashi, ita ma mai sarrafa ƙarfe, ta bayyana a 1968 aka ce mata 'yar Magneto ce. Na rubuta. Fitowa kaɗan bayan nan aka ce yaudara ce, a 1969 ma aka nuna wanda ya yi iƙirarin mutum-mutumi ne. Na goge. A 2003 ta yi gwajin jini ya tabbatar 'yarsa ce. Na sake rubutawa a gurbin da na goge. A 2012 aka kawo sunan uwarta, Suzanna, matar wani ce, sai na ga dole in matsar da komai don in sama mata wuri. A gogewa ta uku takardar ta yage. Abin dariyar shi ne yarinyar da aka ƙaryata shekara talatin da wani abu ita ce yau kaɗai 'yar cikinsa da ke raye, tagwayen da duniya ta sani kuma sun fita.

Jikoki ban wahalar da kaina a kansu ba. Luna, 'yar Pietro da matarsa Crystal, an haife ta a 1982, ta bi ubanta duk inda layinsa ya je. 'Ya'yan Wanda kuwa, Billy da Tommy, an haife su a 1986, a 1989 aka ce da tsafi aka samar da su daga ɓarɓashin ran wani shaiɗani, suka ɓace, daga baya suka dawo a matsayin samari da aka haifa a gidaje biyu daban. Na sa su a akwati a kusurwa na rubuta "sai mun zauna".

Kwali na huɗu ne ya tsaya. Jakob, Edie, Ruth, Magda da Anya na rubuta su da biro. Sauran duk fensir. Saura layin tagwaye, na rasa yadda zan yi da shi, don a 2021, a wani biki, Magneto ya ce wa Wanda har yanzu 'yarsa ce a wurinsa ko me jini ya nuna. Na tambayi Hajiya, tunda ta riga ta san gidan fiye da yadda take nunawa. Na ce, "Hajiya, wanda bai haife ki ba, bai rene ki ba, amma shekara talatin kuna uba da 'ya, me za a kira shi?" Ta ce, "Ita yarinyar me take ce masa?" Na ce wani lokaci baba, wani lokaci sunansa, gwargwadon wanda ya rubuta. Ta ce, "To ka bar musu abinsu."

Na ja layin da ɗigo-ɗigo, na rubuta 1983 zuwa 2014 a kansa. Ranar da yaron zai koma gida ya naɗe kwalin ya ɗaure da roba, ya kai bakin ƙofa, sannan ya dawo ya ce, "Kawu, ba ni fensirin da kilinar."