Yadda Nake Daidaita Girman Zane da Bangon Mai Saye

Tun da na fara sayar da zanen fenti a Kano da Abuja, tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo ba ni aiki ita ce inda zai rataye zanen, domin amsarsa ce ke gaya mini faɗi da tsawon ƙyallen da zan shimfiɗa, da kuma irin firam ɗin da kafinta zai haɗa. In har zai yiwu, ina roƙonsa ya turo mini hoton bangon ta WhatsApp, tare da awonsa da kujerun da ke ƙarƙashinsa.

Masu saye don falon gida su ne mafi yawa, kuma kusan kullum bangon da suke nufi shi ne na bayan kujera mai zaman mutum uku, wadda faɗinta kan kai kimanin mita 2. Na lura cewa zanen da ya cike kashi biyu cikin uku na wannan faɗin, wato santimita 120 zuwa 140, shi ya fi zama daram a wurin. Wanda bai kai haka ba sai bango ya haɗiye shi, ko da aikin cikinsa ya yi kyau. Wannan siffa mai faɗi ta dace da hawan sallah, inda ake son jerin dawakai su miƙe, haka kuma da marinar Ƙofar Mata. Zane mai tsayi kuwa na barinsa don matakalar bene da tsakanin tagogi biyu, kuma ƙofofin gari sun fi kyau a cikinsa.

Akwai magidanta da yawa da ba sa son surar mutum ko ta dabba a ɗakin da suke salla, saboda haka abin da suke nema shi ne Ayatul Kursiyyu, ko sunayen Allah, ko dagin Arewa. Su kan fi son firam mai kauri mai ruwan zinariya, musamman idan kayan ɗakin amarya ne. A ganina irin wannan firam yakan danne rubutun idan zanen ƙarami ne, don haka nakan ba da shawarar a rage kaurinsa, amma idan hajiya ta ce haka take so, haka nake yi mata.

Baƙi 'yan ƙasashen waje da ke aiki a Abuja lissafinsu daban ne, domin tunaninsu yana kan ranar komawa gida. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna ƙayyade akwati a kilo 23, kuma jimillar tsawo da faɗi da kaurinsa kada ta wuce santimita 158, don haka ko dai su ɗauki ƙanana masu santimita 30 da 40, ko kuma su nemi a cire ƙyallen daga katakonsa. Idan za a naɗe shi, fuskar fentin ce ke kallon waje don kada ya tsattsage, sannan in zura shi cikin bututun roba mai faɗin baki. Nakan kuma bar musu rarar ƙyalle a kowane gefe, yadda wanda zai sake ɗaure shi a can zai sami abin kamawa.

Batun katako shi ne inda ba na sassauci. Katakon da bai bushe sosai ba yana lanƙwashewa da zarar hunturu ya shigo, kusurwoyin firam su buɗe, ƙyallen ya saki. Ina amfani da busasshen maɗaci duk da tsadarsa. Aikin takarda da fentin ruwa kuwa dole ne ya shiga bayan gilashi saboda ƙura, tare da kwali a tsakani don kada takardar ta manne da gilashin idan damina ta kawo laima. Zanen fentin mai ba na sa masa gilashi, sai dai in shaida wa mai saye ya riƙa kaɗe shi da buroshi mai laushi, kada ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.