Juma'ar ninja da ɗan fashin teku

Juma'a, 19 ga Satumba. Zafin Jidda kun san shi, iskar teku ma ɗumi take kawowa. Da aka sauko masallaci muka haɗu gidan Hajiya kamar kullum. Maman Huda ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, Yaya Asma'u ta kawo kabsa, kowa ya ci ya yi nak.

Ana shan shayi sai musu ya kaure tsakanin Fahad da Abdallah a kan waya. Hoto ne aka raba gida biyu. Gefe guda mutum cikin baƙaƙen kaya, ido kaɗai ake gani, takobi a goye. Ɗaya gefen wani mai gemu, ido ɗaya a rufe, aku a kafaɗa, bindiga a ɗamara. A ƙasa an rubuta da Larabci: wa zai ci wa? Abdallah ya ce ninja, don kafin ka gan shi ya gama da kai. Fahad ya ce ɗan fashin teku, yana da igwa, yana da jirgi, yana da zinariya, ba ya karɓar umarnin kowa. Huda ta bi bayan ninja saboda kayansa sun yi kama da niƙabin mamanta. Muka yi ta dariya, har Hajiya sai da ta share hawaye.

Musun ya girme su. Tun farkon shekarun 2000 ake yin sa a intanet, lokacin da nake zuwa shagon kwamfuta ina biya a kan awa. Wasu abokai biyu a Amurka suka ƙirƙiri ranar kwaikwayon maganar 'yan fashin teku a 1995, suka sa ta 19 ga Satumba, wato yau, shi ya sa hoton ya sake tasowa. Masoya ninja su ma suka ware 5 ga Disamba. Ga shi ya zagayo ya iske yaran da ba a ma haifa ba a lokacin.

Sai Fahad ya juyo: "Kawu, kai wa ka zaɓa?"

Na ce masa ba zan taɓa zaɓar ɗan fashin teku ba, ko da wasa. Ya ce don me. Na tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa aka yi wa Jidda ganuwa. Bai sani ba, ga shi ya sha wucewa ta Bab Makka, ɗaya daga cikin ƙofofinta. A wajajen 1509 aka gina ta, zamanin Sarkin Misira Ƙansuh al-Ghauri, saboda jiragen Fotugal da suka addabi tekun nan. A 1517 kuwa sun zo har bakin garin, aka kore su. Su da tutar sarkinsu suka zo, amma wanda aka tare jirginsa a tsakiyar ruwa ba ruwansa da tuta. Sai a 1947 aka rushe ganuwar.

Daga nan na ba shi labarin da ya daɗe yana ci mini rai. A 1695 wani Bature ɗan Ingila, Henry Every, ya haɗa kai da wasu 'yan fashi suka yi kwanton ɓauna a Bab al-Mandab, mashigar Bahar Maliya, wannan tekun dai da muke zuwa shan iska a bakinsa. Jiragen Indiya suke jira. Suka bi su har suka cim ma babban jirgin Sarkin Indiya Aurangzeb, Ganj-i-Sawai, yana komawa birnin Surat. Cikinsa akwai alhazai da suka sauke farali za su gida. Kwana da kwanaki ana azabtar da maza don su faɗi inda suka ɓoye kuɗi. Abin da aka yi wa mata ban iya faɗa a gaban Huda ba, na dai ce wasunsu sun gwammace su faɗa ruwa. Irin waɗannan mutanen ne aka wanke, aka ɗora musu aku a kafaɗa, aka mai da su abin dariya a katun.

Fahad ya yi shiru, can ya ce, "Amma Kawu, ninja ma ai kisa yake yi, kuma a ɓoye. Gara wanda ya zo maka gaba da gaba."

Yaron ya iya magana, kuma akwai gaskiya a ciki. Ninja ba waliyyi ba ne. Mutanen yankunan Iga da Koka ne a Japan, a ƙarni na 15 da na 16 da sarakunan yaƙi ke cin junansu, ana ɗaukar su haya su yi leƙen asiri, su sa wuta, wani lokaci su yi kisa. Yawanci ma shigar manomi ko ɗan kasuwa ko mai bautar addini suke yi, don wanda ya rufe jikinsa da baƙi tsakar rana ai shi za a fara kamawa. Oda Nobunaga, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin, ya murƙushe Iga a 1581. Duk na faɗa masa. Sai dai na ce ninja bai taɓa tare hanyar kakanninmu ba. Wancan kuwa a kan hanyar hajji ya yi sana'arsa.

Nan Hajiya ta ajiye kofi. Ta ce mahaifinta da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya yi shekaru a hanya, yana noma a Sudan yana tara guzuri, kafin ya shiga kwalekwale a Suwakin. Ta ce har ya rasu, in ya tuna daren da suka yi a kan ruwa sai ya yi salati. Ba wanda ya tare su, amma duk fitilar da suka hango daga nesa sai mata su rungume 'ya'yansu. Na sha jin labarin tafiyar, wannan na fitilar kuwa sai yau.

Yaya Asma'u ta ce, "Haba Sani, wasan yara ne fa, ka mai da shi wa'azi." Abdallah ya ja ƙaninsa suka koma ɗaki. Falon ya yi tsit.

Abin ya tsaya mini a rai har shago. Na san wasa ne, kuma ba na son in zama kawun da ake ɓoye waya in ya shigo. Amma ni da nake sayar wa alhazai tsaraba, ina ganin tsohuwa ta kwance bakin zane ta ƙirgo riyal ɗin da ta yi shekaru tana tarawa, ba zan iya kallon mai tare irinta a matsayin jarumi ba. A gida ma yanzu, tsakanin Zamfara da Katsina, masu tare hanya suna nan, har hoton kansu suke ɗauka da bindiga suna sawa a TikTok, ana samun masu yaba musu. Wannan ne ya fi tsorata ni. Su Fahad kuma sun san sunan kowane jarumin katun, amma ban taɓa zama na nuna musu barde cikin sulke a kan doki mai lifidi ba, ko in ba su labarin Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903. Wannan aikin yana jirana.

Ciniki kaɗan. Wasu 'yan umara daga Kano sun ɗauki darduma da zaitun. Na'urar sanyaya shago har yanzu tana ɗiga, mai gyara ya ce gobe.

Bayan isha'i saƙon Fahad ya shigo: "Kawu, shi Every ɗin an kama shi?" Na ce a'a. An rataye wasu daga cikin yaransa a Landan a 1696, shi kuwa ya ɓace da rabonsa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya rubuto, "Wannan ba adalci ba ne." Na ce masa Juma'a mai zuwa ya shirya, shi da Abdallah, mu shiga Balad, tsohon garin Jidda, bayan la'asar in nuna musu inda ganuwar ta bi. Ya ce to, amma sai na saya musu tsire.