Albasar kwaɗi mai jan fure a gindin mangwaro

Duk mai tsohuwar bishiyar mangwaro a tsakar gida ya san gindinta ba ya karɓar fure. Inuwa ta yi yawa, saiwa ta cinye ƙasa. A gidana da ke Tudun Wada a Gombe, abin da ya zauna a wurin shi ne albasar dajin nan da masana ke kira Scadoxus multiflorus, 'yar asalin Afirka, wadda furenta ja ne zur, a dunƙule kamar ƙwallo.

Ban haƙa rami ba saboda saiwar mangwaron. Tudu na tayar, na gauraya yashi da ruɓaɓɓen ganye da busasshiyar kashin shanu, na binne albasar zuwa wuyanta, kanta daidai da fuskar ƙasa. Ruwan da ke kwanciya shi ne ajalinta, ruɓewa take yi.

Halinta ne ya fi ba ni sha'awa. Da ruwan farko ya sauka, wajen watan Mayu, sai sandar fure ta ɓullo daga ƙasa tun ganye bai fito ba. Furen ba ya wuce mako 2, wannan kam rowa ce. Bayansa ganye ke buɗewa, ya yi ta tara wa albasar abinci duk damina, don haka ba na yanke shi ko ya yi muni, sai ya bushe da kansa. Daga nan ta kwanta barci. Hunturu ya wuce, zafin Maris da Afrilu ya zo, wurin fayau kamar ba a shuka komai ba. Maƙwabcina ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, ai furen nan naka ya mutu, ka ba shi ruwa mana." Ban ba shi ba. Bushewar rani take so, kuma ba ta son a riƙa tono ta ana sauya mata wuri. Sanda kawai na kafa don masu shara su san da abu a ƙasa.

Tana da dafi, har akan yi amfani da ita wajen kashe kifi a wasu wuraren. Na kewaye tudun da waya saboda awaki, na kuma ja wa yara kunne kan jajayen 'ya'yanta. In kana son ƙari, 'yan ƙananan albasan da take fitarwa a gefe za ka raba bayan ganye ya bushe, domin iri sai ya kwashe shekaru kafin ya yi fure.