Ƙannena masu ɗaga ƙarfe, ku ji abin da ya ci min kafaɗa

Ƙannena na Nima da Mamobi a Akra, ku da kuke cika jim bayan la'asar, ina ganinku kullum in na wuce, kuma abin da nake ji daga bakin ƙofa shi ne "ƙara ɗaya! ƙara ɗaya!" Ni ma da wannan ihun na tashi, a wani ɗan jim na bayan gida inda ƙarfen namu siminti ne da aka zuba a gwangwani da tsofaffin kayan mota, kuma shi ya ja min ciwon kafaɗar dama da har yau in sanyin hunturu ya shigo sai ta tuna min.

Bari in fara da abin da ban gane ba lokacin. In kana kwance a benci kana tura ƙarfe, akwai inda za ka kai tsoka ta ce ta gaji, ka tura ka tura ƙarfen ya tsaya a tsakiya, bai hau ba. Wannan shi ne gazawar tsoka, abin da 'yan jim ke cewa feliya. Amma kafin nan akwai wata gazawar da ta fi muhimmanci, wato lokacin da tsarin ɗagawarka ya fara lalacewa, baya ya bar benci, gwiwar hannu ta buɗe, hannu ɗaya ya riga ɗaya hawa, ka fara buga ƙarfen a ƙirji don ya yi tsalle. To a nan setin, wato jerin ɗagawar da kake yi kafin ka huta, ya ƙare, wallahi ya ƙare, duk abin da ka ƙara bayan wannan ba tsokar ƙirji ke ɗauka ba, gaɓa da jijiya ne ke biya.

Ni kuwa kowane seti sai na kai ƙarshe, daga na farko har na biyar, kwana shida a sati. Sai abokina ya tsaya a kaina, ƙarfe ya tsaya ya kama ya ja, mu ƙara biyar, shida, wani lokacin takwas, mu ce wai mun yi fos, wato ɗagawar dole. Gaskiyar magana shi yake ɗagawa, ni ƙarfen kawai yake saukowa a kaina. Ɗagawar dole ta gaskiya ba haka take ba. Mai tsaya maka yatsu biyu zai sa a ƙarƙashin sandar, ya taimaka kaɗan daidai inda ta maƙale, kai ne mai aikin, sannan ka sauke da kanka a hankali tunda tsoka ta fi ƙarfi wajen saukewa a kan ɗagawa. Ɗaya ko biyu, in ya yi yawa uku, a setin ƙarshe kawai, kuma ba kowace rana ba. Wanda bai shekara yana ɗaga ƙarfe ba ma ni dai ban ga abin da zai kai shi nan ba, ya koyi riƙo da numfashi tukuna.

Mun riƙa kafa hujja da Dorian Yates, Baturen Ingila da ya ci Mista Olimfiya, babbar gasar masu gina jiki, sau shida daga 1992 zuwa 1997, wai ai shi har ƙarshe yake kaiwa. Eh haka ne, amma seti ɗaya mai tsanani yake yi a kowane motsi bayan ya ɗumama jiki, kuma yana ba kowace tsoka kwanaki ta huta. Duk da haka tsokar damtsensa ta yage a 1994, ta bayan hannu ta yage a 1997, daga nan ya ajiye gasa. Mu rabin labarin muka ɗauka.

Ni kuwa da kafaɗata ta lalace, wata huɗu na yi ban iya ɗaga hannu sama da kai ba, sa riga ma aiki ne, kabbarar sallah sai in cije. Da na dawo na canza, ina tsayawa alhali na san da sauran ɗaya ko biyu a jikina, ina ba tsoka awa 48 zuwa 72 kafin in sake taɓa ta, ina barci, ina cin waken waakye da ƙwai da kifi. Nauyin da na shekara na kasa wucewa a nan na wuce shi.

Sukwat (tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa) da dedlif (ɗago ƙarfe daga ƙasa) kam kar ku kai su feliya, baya ba ya da sifaya. In kuna so ku ji tsoka ta ƙone ku yi da dambel (ƙaramin ƙarfen hannu ɗaya) ko inji, inda za ka iya saki lafiya. Benci kuma kar ka kwanta kai kaɗai da nauyi, sandar nan ita kaɗai kilo 20 ce, in ta sauka a wuya ba ta jira. Masu shan tiramol kafin su shiga don kar su ji ciwo, don Allah ku bari, ciwon nan shi ke gaya maka wani abu na yagewa. Haka da azumi, ba ruwa a jiki ga zafin Akra, ba lokacin fos ba ne.

In kuma bayan tirenin mai tsanani ka ga tsoka ta kumbura sosai, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, kar ka tsaya shafa man zafi, tsoka ce ke narkewa cikin jini kuma tana iya taɓa ƙoda. Ka tari mota ka tafi asibiti a ranar, ka gaya wa likita irin aikin da ka yi.