Inda Masu Neman Tallafin Chevening Ke Tuntuɓe

Tun 1983 gwamnatin Birtaniya ke ba da tallafin Chevening don yin digiri na biyu na shekara ɗaya a jami'o'inta. Ana biyan kuɗin makaranta, tikitin jirgi da kuɗin zaman kowane wata. Yawanci ana buɗe shafin nema a watan Agusta.

Wani sharaɗi da ke kayar da mutane shi ne samun gogewar aiki ta shekara biyu, wato sa'o'i 2,800. Ka zauna ka lissafa su tun da wuri, kowane aiki da ranar farawa da ta gamawa, don in lissafin bai cika ba, ko karanta bayananka ba za a yi ba.

Sai rubutun shugabanci, wato bayanin da za ka rubuta a takardar nema kan yadda ka taɓa jagoranci. Abin takaici, matasa masu ƙwazo kan tsaya a kan "ni shugaba ne nagari". Masu tantancewa aiki suke son gani: wace matsala ka tarar, me ka yi, me ya canja.

Zaɓi kwasa-kwasai uku masu alaƙa da juna, kuma dole jami'a ɗaya ta ba ka gurbi marar sharaɗi kafin wa'adi. Bayan kammalawa, za ka koma gida na aƙalla shekara biyu.